Darasi na 7: Malam-buɗe-littafi da Faɗa-wuta

Akwai wanda zai karanta shafi guda ba gargada, amma da ka ce masa "To, me aka ce?" sai ya yi tsit. Baki ya karanta, zuciya ba ta kama ba. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma shi za mu gyara yau.

Kafin ku fara, ku dubi kan darasin. Wanne cikin ƙwarin nan biyu kuke gani da rana? Wanne ke kewaya fitila da dare? Kowa ya faɗi abin da ya sani, ya kuma riƙe tambaya ɗaya da yake son a amsa masa. Matambayi ba ya ɓata.

Abin karantawa

Malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta dangin juna ne. Kowannensu yana da ƙafa 6 da fukafukai 4. In ka kama ɗaya, wata 'yar ƙura za ta manne maka a yatsa. Ƙananan ɓawo ne da suka rufe fiffiken, su ke ba shi launi. Rayuwarsu hawa 4 ce. Uwa ta saka ƙwai a jikin ganye, ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa. Tsutsa ba ta da aiki sai cin ganye. In ta yi girma har fatarta ta matse ta, sai ta yi saɓa, ta ci gaba da ci. Daga nan ta daina ci, ta kwanta shiru cikin kwanso. Can sai kwanson ya tsage, mai fukafukai ya fito. Shi ba ya cin ganye. Dogon baki gare shi kamar zare, a nannaɗe, da shi yake zuƙar ruwan fure. Malam-buɗe-littafi da rana yake yawo, in ya sauka ya haɗe fukafukansa a tsaye. Yawancin faɗa-wuta da dare suke fita, in sun sauka su shimfiɗa nasu. An san nau'in malam-buɗe-littafi kusan 18,000, na faɗa-wuta kuwa wajen 160,000.

Mu koma ciki

Idan kalma ta tare muku hanya, kada ku tsallake ta, kada kuma ku ajiye littafin. Ku dubi maƙwabtanta. Ga "saɓa". Kafin ta an ce fata ta matse, bayanta an ce tsutsa ta ci gaba da ci. Ashe tuɓe tsohuwar fata ake nufi, irin yadda maciji ke yi.

"Daga nan" da "can sai" su ke nuna abin da ya riga wani. Ku ja musu layi da fensir.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Kun ga ganye duk ya huhhuje, malam-buɗe-littafi yana zaune a kai. Shi ya ci? Babu jimlar da ta amsa wannan kai tsaye. Amma an ce tsutsa ce mai cin ganye, an kuma ce mai fukafukai zuƙa kawai yake yi. Ku haɗa biyun, amsa ta fito: tsutsa ce ta yi ɓarnar. A ganina, ranar da mutum ya fara haɗa magana biyu ya fitar da ta uku da kansa, ranar ya fara cin moriyar karatu.

Ku lura da "yawancin". Ba a ce duka ba, domin akwai faɗa-wutan da ke fita da rana. Mai gaggawa yakan wuce ƙaramar kalma irin wannan, ya tafi da labarin da ba a ba shi ba.

Aiki

Ku rufe littafin. Kowa ya juya ga na kusa da shi, ya ba shi labarin hawa huɗun nan da bakinsa, ba hadda ba. Inda kuka sarƙe, ku buɗe ku sake karanta wurin kaɗai. Sannan ku rubuta jimla 2 kan bambancin ƙwarin biyu, ku duba ko an amsa tambayar da kuka riƙe tun farko.