Yadda Ake Raba Ƙarfi a Tseren Ninkayar Mata na Mita 400

Wannan bayani na 'yar wasan da ta riga ta iya iyo ne, wadda ta san jan hannu da juyi, kuma take shirin shiga tseren firistayil (iyon da ba a ƙayyade salo ba) na mita 400 a babbar gasa, irin Olamfik ko gasar duniya ta hukumar World Aquatics. Ana yin tseren ne a tafki mai tsawon mita 50, wato zuwa da dawowa sau huɗu, da juyi bakwai. Na daɗe ina kallon sababbin shiga suna faɗuwa a wannan tsere, kuma kusan dukansu a wuri ɗaya suke faɗuwa: suna ƙarar da ƙarfinsu a mita 100 na farko, sannan su biya bashin a mita 100 na uku. A kan wannan zan fi tsayawa.

Matakin farko shi ne ki zauna da mai horar da ke, ku tsayar da lokacin da kike nema, sannan ku raba shi gida huɗu a rubuce tun makonni kafin gasa. Mu ɗauki minti 4 da sakan 8 a matsayin misali, domin yana dab da minti 4:07.90 da aka sa a matsayin ma'aunin samun gurbi a Olamfik ta Paris a 2024. Idan aka raba daidai, kowane mita 100 zai ci sakan 62. Amma tsallen farko daga dandamali yana ba ki kyautar kusan sakan biyu ba tare da kin wahala ba, saboda haka rabon da ya dace shi ne sakan 60, sai 62.5, sai 63, sai 62.5. Duk wadda ta buɗe da sakan 58 alhali abin da take nema ke nan, ta riga ta lalata tserenta, ko da kuwa ita ce kan gaba a lokacin kuma 'yan kallo suna yi mata sowa.

Mataki na biyu shi ne ki koya wa jikinki wannan gudu har ya gane shi ba tare da agogo ba, domin a cikin ruwa babu wanda zai faɗa miki lokacinki. Atisayen da na fi yarda da shi shi ne mita 100 sau takwas a kan gudun tsere, da hutu ɗan kaɗan a tsakani, kuma bayan kowane ɗaya ki faɗi lokacin da kike zaton kin yi kafin a nuna miki na gaskiya. Idan zatonki yana kuskure da fiye da sakan ɗaya, ba ki shirya ba tukuna. Ki haɗa da ƙirga jan hannunki a kowane mita 50, domin ranar da adadin ya ƙaru da uku ko huɗu alhali lokacin bai ragu ba, hannunki ya fara zamewa a ruwa ke nan.

Mataki na uku ya shafi zagayen share fage, kuma mutane da yawa suna raina shi. A tseren mita 200 akwai zagaye na kusa da na ƙarshe wanda yake ɗaukar mutum 16, amma a mita 400 babu wannan sassauci: daga share fage sai zagayen ƙarshe, kuma mutum takwas mafiya sauri kaɗai suke wucewa, bisa lokacinsu, ba bisa matsayinsu a rukuninsu ba. Saboda haka cin rukuninki ba ya tabbatar miki da komai. Manyan 'yan wasa suna iya rage gudu da safe don su tanadi ƙarfi, amma sabuwar shiga ba ta da wannan gata, dole ta yi iyon safe kamar shi ne na ƙarshe. Wadda ta fi kowa sauri ana ba ta layi na 4, ta biyu layi na 5, sai 3, 6, 2, 7, 1 da 8.

Game da kaya, doka tun 2010 ta yarda da rigar yadi kaɗai, wadda ba ta rufe wuya, ba ta wuce kafaɗa, ba ta kuma sauka ƙasa da gwiwa. Rigunan gasa suna da tsada sosai kuma matsinsu yana saki bayan an yi tsere kaɗan da su, don haka kada ki sa taki wajen ɗumama jiki. Ki ware lokaci isasshe na sa ta, domin gaggawa ce take yaga ta. Ki sa hula biyu, igiyar tabarau a tsakaninsu, ki kuma shiga ɗakin kira, inda ake tara 'yan wasa kafin tsere, da tabarau na biyu a hannu.

Yanzu tseren kansa. Tashi kafin a ba da alama sau ɗaya ya isa a kore ki, kuma a tseren minti huɗu babu ribar da ta cancanci wannan kasada. Bayan tsalle doka ta yarda ki zauna ƙarƙashin ruwa har mita 15, amma ban ba ki shawarar ki cinye su duka ba, domin iskar da kika hana kanki a nan za ki neme ta daga baya. A mita 100 na farko jikinki zai yi miki ƙarya. Zumuɗi da hayaniyar jama'a za su sa gudun da ya fi ƙarfinki ya zama kamar wasa, kuma idan ta kusa da ke ta yi gaba zuciyarki za ta ce ki bi ta. Ki ƙyale ta. Ki riƙe dogon jan hannu, ki sassauta bugun ƙafa, ki riƙa shan iska bayan kowane jan hannu biyu tun daga farko. Masu cewa a sha iska bayan uku don daidaita jiki suna da hujjarsu a atisaye, amma a tseren mita 400 ban yarda da shi ba.

Mita 100 na biyu wurin zama a kan gudun da kika koya ne, babu wani abin ƙari.

Mita 100 na uku shi ne wurin da ake raba tseren. A nan hannu yake fara nauyi, numfashi ya yi zafi, ƙarshen kuma yana da nisan da ba zai ba ki ƙwarin gwiwa ba. Abin da sababbin shiga ba su sani ba shi ne, riƙe lokaci ɗaya a wannan wuri yana buƙatar ƙarin ƙoƙari mai yawa, saboda haka wadda take jin cewa tana riƙe da gudunta a gaskiya raguwa take yi. Da zarar kin juya a mita 200, ki ƙara ƙoƙari da gangan. Ki fara da ƙafa, ki ƙara bugu a hankali, kada ki fara da gaggauta hannu, domin gaggawar hannu tana gajarta ja, kuma a lokacin ne gwiwar hannu take faɗuwa, kai ya ɗago, ƙugu ya nutse. Juyi na biyar da na shida su ne suka fi lalacewa: gajiya tana sa mutum ya rage gudu kafin bango, ya ɗaga kai ya sha iska, sannan ya tura bangon da rauni. Ki shiga bangon da gudu, ki dunƙule sosai, ki miƙe hannuwa a matse bayan turawa, ki kuma yi jan hannu ɗaya kafin ki nemi iska. Rabin sakan a kowane juyi, idan aka tara, ya fi tazarar da take raba zinare da azurfa a manyan gasa da yawa.

Zagayen ƙarshe na Olamfik ta Tokyo, wadda aka yi a 2021, darasi ne da ya kamata ki kalla sau da yawa. Katie Ledecky ta Amurka ce ta ja gaba har mita 300, amma Ariarne Titmus ta Ostireliya ba ta firgita ba, ta yi ta rage tazarar a kashi na uku, ta wuce ta kafin juyin ƙarshe, ta gama a minti 3:56.69, Ledecky kuma 3:57.36. Ki lura cewa wannan haƙuri ba lalaci ba ne a farkon tsere. Tun da Federica Pellegrini ta Italiya ta zama mace ta farko da ta sauka ƙasa da minti huɗu a Rum a 2009, gudun buɗewa sai ƙaruwa yake yi, har Summer McIntosh ta Kanada ta yi minti 3:54.18 a 2025. Irin waɗannan suna buɗewa da sauri ne saboda atisayen shekaru ya ba su ikon riƙe shi, kuma kwaikwayon buɗewarsu ba tare da wannan tushe ba shi ne kuskuren da nake ta gargaɗi a kansa.

Ki riƙa ƙirga juyinki da kanki.

A mita 100 na ƙarshe babu sauran tanadi. Ki saki ƙafa gaba ɗaya, ki rage waiwayen abokan tsere, ki daina shan iska a mita biyar na ƙarshe. Ki kai hannu a miƙe, kai a ƙasa, ki danna allon bango da ƙarfi, domin taɓawa mai rauni ba lallai ta tsayar da agogo ba. Bayan kin fito, ki wuce tafkin ɗumama jiki ki yi iyo a hankali kafin ki zauna, musamman idan share fage kika gama kuma zagayen ƙarshe yana jiranki.