Yadda za ka gyara jerin bidiyoyinka a YouTube mutane su daina zamewa a tsakiya

Yawancin masu tasha a YouTube sun mai da jerin bidiyo, wato playlist, kamar ɗakin ajiye tarkace, duk abin da suka ɗora sai su cusa shi ciki su wuce, ba tsari ba komai. Alhali amfanin jeri ɗaya ne tak: mutum ya gama wannan bidiyo, na gaba ya fara da kansa, shi kuma ya ji ba zai iya tashi ba. Tun shekarar 2012 YouTube ya koma fifita tsawon lokacin da ake kallo a kan yawan dannawa kawai, kaga kenan wanda ya riƙe mai kallo bidiyo uku a jere ya fi wanda aka leƙa aka fita.

To fara da dubawa kafin ka taɓa komai. Shiga YouTube Studio, wato wurin da masu tasha suke sarrafa bidiyoyinsu, gara a kwamfuta don a waya ba komai ne ke fitowa ba, ka buɗe jerin da kake so sannan ka shiga shafin alƙalumansa. Lambobi suna da yawa a wurin har su ruɗa mutum, amma ni uku nake kallo: sau nawa aka fara jerin, bidiyo nawa ake kallo duk farawa ɗaya, da kuma a wane bidiyo aka fi ficewa. Na biyun shi ne ma'aunin gaskiya. A ce an fara jerinka sau 200 amma kallon da aka yi a ciki duka 240 ne, raba ka gani, 1.2 kenan, wato kusan kowa bidiyo ɗaya ya kalla ya kama gabansa. Jeri ne a suna kawai. In kuma ka ga 3 ko 4 to akwai abin da ke jan mutane, sai ka nemo shi ka ƙara.

Kar ka yanke hukunci da alƙaluman kwana biyu dai. Zaɓi kwana 28, in tashar ƙarama ce ma ka ja zuwa 90.

Yanzu wurin da aikin yake, wato bidiyon da ake gudu a kansa. Kusan kowane jeri yana da irin wannan, mutane suna tafiya lafiya lau daga na ɗaya zuwa na biyu zuwa na uku sai a na huɗu kowa ya watse. Buɗe shi shi kaɗai ka duba zanen da ke nuna inda masu kallo suke raguwa. In tun cikin daƙiƙa 30 na farko layin ya faɗi, matsalar shimfiɗa ce, galibi ka sake doguwar gaisuwa da gabatar da kanka da roƙon a danna maɓallin bibiya ga mutumin da yanzun nan ya gama jin duk wannan sau uku, wa zai jure? YouTube Studio yana da wurin yanke bidiyo ko bayan an ɗora shi, ka datse shimfiɗar ba tare da ka rasa kallon da ya tara ba. In kuma layin lafiya yake har ƙarshe sannan aka fice, to ba laifin wannan bidiyon ba ne, na gaba da shi ne bai dace ba. Misali kana koyar da ɗaukar hoto da waya, an gama darasin haske sai ga bidiyon da kake amsa tambayoyin masu bibiya na minti 40. Cire shi. Na san da ciwo, ka sha wahala a kansa, amma ai ba goge shi za ka yi ba, yana nan a tasha, daga wannan layin kawai ka janye shi.

Sai batun wanda zai zauna a farko. Mutane da yawa suna barin tsarin kwanan wata, sai ya zamana bidiyon da ya fi tsufa, mai sauti marar kyau lokacin da ba ka iya ba, shi ke tarbar baƙo. In darasi ne mai hawa-hawa ba yadda za ka yi, bi lamba, amma ko a nan ɗin gara ka sake ɗaukar kashi na ɗaya da kyau ka maye gurbinsa. In ba mai hawa-hawa ba ne, mai da tsarin na hannu ka jawo wanda ya fi riƙe mutane zuwa sama. Lura, wanda ya fi riƙewa na ce, ba wanda ya fi yawan kallo ba, sau da yawa ba ɗaya ba ne.

Tsawo kuma, YouTube ya yarda ka zuba har bidiyo 5,000 a jeri guda, amma don an ba ka dama ba shi ne ka cika ba. Mutum ya buɗe ya ga 180 zuciyarsa ta karaya tun bai fara ba. Tsaga shi gida-gida, na masu farawa daban, na waɗanda suka yi nisa daban.

Suna ma yana da aiki, don jeri yana fitowa a sakamakon bincike kamar yadda bidiyo ke fitowa. "Bidiyoyina 2" ba wanda zai taɓa rubuta haka yana nema. Sa abin da mutum zai rubuta da hannunsa, kamar "Koyon ɗaukar hoto da waya daga farko", ka ɗan cika wurin bayani da layi biyu ko uku. Kanun bidiyoyin kuma in za ka sa lambar kashi ka kai ta ƙarshe, don a waya kanu yana yankewa, gara a ga maganar kafin lamba.

Abin da ake yawan mantawa: in za ka tura wa mutane, kar ka kwafi adireshin bidiyon tsurarsa. Buɗe shi daga cikin jerin sannan ka kwafa daga saman burauza, za ka ga akwai list= a ciki, wannan ɗan guntun shi ke sa in ya ƙare na gaba naka ya biyo maimakon na wata tashar. Haka allon ƙarshe, wanda ke fitowa a daƙiƙa 5 zuwa 20 na ƙarshen bidiyo, ana iya ɗora jeri a kansa, kuma ka faɗa da bakinka abin da ke tafe, kar kawai ka ce sai mun haɗu. Da zarar mutum ya ji sallama yatsansa ya riga ya tafi.

In ka yi gyara, abu ɗaya za ka canza a lokaci guda. Ka cire bidiyo, ka sauya suna, ka juya tsari duk rana ɗaya, ko lambar ta tashi ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Rubuta kwanan watan da lambar da ka tarar, bar shi sati huɗu, sannan ka dawo ka sake raba kallon da farawar ka ga ko 1.2 ɗin nan ta motsa.