Darasi na Tara: Me Ke Hana 'Yan Mata Samun Rigakafin Sankarar Bakin Mahaifa?

Sankarar bakin mahaifa tana cikin cututtukan daji da suka fi kashe mata a Najeriya. A shekarar 2020 kaɗai, an samu kimanin mata 12,000 da suka kamu da ita, kusan 8,000 kuma suka rasu. Wata ƙwayar cuta mai suna HPV ce ke haddasa ta. Ana ɗaukar ƙwayar ta hanyar saduwa, kuma takan zauna a jiki shekaru da yawa ba tare da wata alama ba. Iri biyu daga cikinta, na 16 da na 18, su ne sanadin kusan kashi 70 cikin 100 na wannan ciwo.

A ranar 24 ga Oktoba, 2023, gwamnatin tarayya ta fara ba 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafi kyauta. Kano da Jigawa da Bauchi da Kebbi suna cikin jihohin da aka fara da su, sauran suka biyo baya a watan Mayu na 2024. Allura ɗaya ce a damtse. Yarinyar da ke ɗauke da cutar ƙanjamau ita ce ke buƙatar ƙari, ma'aikacin lafiya zai faɗi lokacin.

To, abu kyauta, har makaranta ake kawo shi, me ya sa ake barin wasu yara a baya?

Daga gida abin yake farawa

Yarinya 'yar shekara goma ba ta yanke wa kanta shawara. Idan maigida ya ce a'a, magana ta ƙare. Sau da yawa kuma ba ƙi ya yi ba, ba a dai sanar da shi ba ne. Makaranta ta aiko da takardar neman izini, babu mai iya karantawa a gidan, takarda ta kwana cikin jakar littattafai har masu allura suka zo suka tafi. Wannan kam laifin mu manya ne. Wanda ya zauna a wannan aji ya koyi haɗa baƙi, ya kamata ya riƙa tambayar 'yarsa ko an ba ta wata takarda.

Sai jita-jita. Wadda ta fi yawo ita ce wai allurar tana hana haihuwa. Tsoron yana da tushe da bai kamata a raina ba: mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma a 2003 irin wannan zargi ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna. Amma a duba abin da ya biyo baya. Shan inna ta sake bazuwa, yara suka nakasa, sai da aka koma ga rigakafin kafin aka ayyana Najeriya ta rabu da cutar a 2020. Ita allurar HPV tun 2006 ake amfani da ita a ƙasashen duniya, kuma bincike bai nuna tana hana haihuwa ba. Ciwon ne ma yake kai mace ga a cire mata mahaifa.

Wasu iyayen kuma kunya ce. Sukan ce, "'Yata ba ta san namiji ba, me za ta yi da wannan?" Ai dalilin ke nan da ake yi mata tun yanzu. Allurar ta fi aiki kafin ƙwayar ta shiga jiki. Mace kamila ma tana iya ɗauka a ɗakin aurenta, domin namiji yakan ɗauki ƙwayar bai sani ba.

Akwai kuma yaran da ba sa aji ranar, an tura su talla ko raino, da waɗanda Islamiyya kaɗai suke zuwa. Su ma suna da haƙƙi. A kai su asibitin sha-ka-tafi mafi kusa.

Ranar allura

A ba yarinya abinci kafin ta fita. Bayan an yi mata, ta zauna kamar minti 15, domin wasu kan ji jiri. Hannu zai iya yin tsami ko ɗan kumburi, wata ma ta yi zazzaɓi kaɗan, yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan ya ƙi sauka, a koma asibiti. A adana katin da aka ba ta.

Uwa kuma, tunda kin wuce shekarun allurar, gwajin bakin mahaifa shi ne naki. Idan kina ganin jini bayan saduwa, ko bayan al'ada ta ɗauke, ko ruwa mai wari, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe, ki je a duba ki.

Aikin aji

1. Rubuta shekarun yaran da ake yi wa wannan allura da lambobi.
2. Maƙwabcinka ya ce allurar tana hana haihuwa. Me za ka faɗa masa? Ku tattauna bibbiyu.
3. Kafin darasi na gaba, tambayi asibitin unguwarku ranar da suke yin rigakafi, ka rubuto ta a littafinka.