Babi na Bakwai: Cinikin da Aka Ƙulla ta Waya

A kasuwa mai saye ne ke tayawa, mai kaya ya ce "albarka" ko ya ce "na sallama". Da zarar an sallama, ciniki ya faɗa. Haka abin yake ko da ta WhatsApp aka yi shi, ko ta saƙon tes, ko imel. Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ta yarda a gabatar da irin waɗannan saƙonni a kotu, har da saƙon murya. Sashe na 93 kuma ya amince da sa hannun da aka yi ta na'ura.

Wane saƙo ne ke ɗaure mutum?

Hoton kaya da farashi da ɗan kasuwa ya ɗora kowa ya gani talla ce kawai, ba ta ɗaure shi. Abin da ke ɗaurewa shi ne tayi bayyananne da amsa bayyananna. Misali, mai hatsi a Dawanau ya rubuta: "Alhaji, akwai masara fara buhu 50, mai kilo 100, kowane buhu kaza, lodi ranar Laraba." Idan Alhaji ya amsa "na saya" kafin a janye tayin, magana ta ƙare.

Amma idan ya ce "na saya in za ka rage dubu biyu", bai karɓa ba. Sabon tayi ya yi, na farkon kuwa ya mutu. Ba zai dawo gobe ya ce dole a ba shi a tsohon farashi ba. Shiru ma ba amsa ba ne.

Inda rigima ta fi yawa shi ne gajerun amsoshi: "to", "ba damuwa", ko alamar babban yatsa. Mai kaya ya ɗauka an saya, mai saye ya ce shi dai nufinsa ya ga saƙo. Maganin wannan saƙo ɗaya ne na ƙarshe, wanda ya ƙunshi sunan kaya da irinsa, yawa, farashi, ranar biya, wurin karɓa, da wanda zai biya kuɗin mota da na dako. Ɗayan ya amsa da cikakkiyar jimla, ya rubuta sunansa. Wanda bai iya rubutu ba ya faɗi duk wannan a saƙon murya, ya ambaci sunansa da ranar.

Abin da waya ba ta wadatar ba

Sashe na 17 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya ce sa hannu ta na'ura yana ɗaure mutum a saye da sayarwa, kuma wanda ya musanta cewa nasa ne, shi zai kawo hujja. Wannan ya sa barin waya a hannun yaron shago ba makulli ganganci ne. Amma sashen ya cire wasiyya, aure, saki, da takardar haihuwa ko mutuwa daga wannan hukunci. Gida ko fili mai takardar mallaka ta gwamna kuwa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce sai da izinin gwamna ake sauya masa mai shi, don haka hirar waya ba ta isa ba.

A ɓangaren Musulunci, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta halatta ƙulla ciniki ta hanyoyin sadarwa na zamani. Ta cire aure saboda shaidu, da canjin kuɗi saboda sharaɗin hannu da hannu, da cinikin salam, wato wanda ake biya kafin a kawo kaya daga baya, saboda ana biyan kuɗinsa nan take.

Adana hujja

Nan ne mutane da yawa ke asarar gaskiyarsu. WhatsApp na da tsarin da ke goge saƙo da kansa bayan awa 24, kwana 7 ko kwana 90. A kashe shi a duk hirar kasuwanci. Mai turo saƙo yana iya gyara shi cikin minti 15, ko ya goge shi daga wayoyin biyu, saboda haka a ɗauki hoton allo nan da nan, yadda lamba da rana da lokaci za su fito. Kada a yanko tsakiyar hira a bar farkonta. Wayar da aka yi cinikin da ita kada a sayar da ita sai an rabu lafiya. Alat kuma ba kuɗi ba ne, akwai na bogi. A duba asusu tukuna kafin mota ta tashi.

Buga hira a takarda kaɗai ba ya sa kotu ta karɓa. Sashe na 84 na Dokar Shaida yana so a nuna wace na'ura ce ta fitar da saƙon, ta yaya, kuma tana aiki daidai a lokacin. Ana yin haka da takardar tabbaci mai sa hannun wanda ke kula da na'urar. A shari'ar Kubor da Dickson, kan zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ƙi takardun da aka ciro daga intanet don ba a cika sharuɗɗan wannan sashe ba. Lauya ne ke tsara takardar, amma wayar da hirar kai za ka kawo.

Aikin aji

Ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ya rubuta saƙon sayar da shinkafa buhu 20, ɗayan ya duba abin da aka manta, sannan ya rubuta amsar da ba za a yi mata fassara biyu ba.