Kurakuran da aka fi yi wajen ba da labarin Sarki Agamemnon da gidansa

Kuskuren da ya fi yawa a bakin masu ba da labarin Agamemnon, sarkin birnin Maisini a tatsuniyoyin Girkawan dā, shi ne ɗaura masa auren Helen, matar da tafiyarta birnin Troy ta haddasa yaƙin shekara 10 tsakanin Girkawa da mutanen Troy. Helen matar ƙanensa Menelawus ce, sarkin Sparta. Matar Agamemnon ita ce Kilitemnestra, wadda uwarsu ɗaya da Helen, wato Leda, ke nan wa da ƙane ne suka auri 'yan ɗaki ɗaya. An ɗora Agamemnon a kan rundunar Girkawa ne saboda ƙarfin sarautarsa a Maisini, domin a lissafin mawaƙi Homer ya zo da jiragen ruwa 100, babu sarkin da ya kai shi.

Wanda ya fi wannan illa shi ne fara labarin daga ranar da sarkin ya dawo daga yaƙi aka kashe shi, kamar a ranar ce gabar ta tsiro. Gabar gadonta ya yi. Mahaifinsa Atiriyus da baffansa Tiyestis sun yi ta fafatawa a kan gadon sarauta, sannan Tiyestis ya nemi Erofi, matar ɗan'uwan nasa. Atiriyus ya gayyace shi cin abinci da sunan sulhu, ya yanka 'ya'yansa maza ya dafa masa, ya bari sai da ya ci ya ƙoshi kafin ya nuna masa kawunansu da hannayensu. Ejistus, kwarton da ya tare da Kilitemnestra lokacin da mijinta yake fagen fama, ɗan Tiyestis ɗin nan ne, wato ɗan baffan Agamemnon. Duk wanda ya tsallake wannan ya mai da ramuwar gayya ta zama cin amanar aure kawai, alhali jini ne ake bin bashinsa. Gyaran shi ne a soma daga iyaye, ko da a jimla biyu ne.

Ita ma Kilitemnestra ana yawan zaluntarta, a nuna ta a matsayin muguwar mace da ta kashe miji don son wani. A tashar jiragen Awulis, Atemis, ɗaya daga cikin ababen bautar Girkawa, ta hana rundunar iskar tafiya, boka Kalkas ya ce sai an yi hadaya da 'yar sarki, Ifijeniya. Agamemnon ya aika a kawo yarinyar da ƙaryar cewa za a aura mata jarumi Akilis. Uwar da ta shirya 'yarta don biki, aka kai ta wurin yanka, tana da hujjar da ya wajaba a faɗa, ko da ba za a wanke ta daga laifin kisa ba. A wata ruwayar Atemis ta musanya yarinyar da barewa ta ɗauke ta da rai.

Wannan ya kai mu ga kuskuren ɗaukar ruwaya ɗaya a ce ita ce sahihiya. A waƙar Odisi ta Homer, Ejistus ne ya shirya liyafa ya yi wa sarkin kwanton ɓauna, ita kuwa Kilitemnestra ta kashe Kasandira, 'yar sarkin Troy da aka zo da ita cikin ganima. A wasan kwaikwayon marubuci Iskilus, wanda aka nuna a Atina a shekarar 458 kafin haihuwar Annabi Isa, matar ce da hannunta ta lulluɓe shi da mayafi a wurin wanka ta sare shi, kuma fadar tana birnin Argos maimakon Maisini. Hatta sunayen 'ya'yan sun saɓa, domin a waƙar Iliyad ta Homer 'ya'yan sarkin mata su ne Kirisotemis da Lawodike da Ifiyanasa, babu Elektira, wadda marubutan baya suka sa ta mara wa ɗan'uwanta Orestis baya wajen kashe uwarsu da Ejistus. Mai rubutu ya faɗi wanda yake bi, kada ya haɗa su ya dama. Fim ɗin Amurka na 2004 da ya nuna an kashe Agamemnon a cikin Troy ba ya kan ko ɗaya daga cikin tsoffin ruwayoyin.

Akwai kuma masu kafa hujja da fuskar zinariyar da Bajamushe Heinrich Schliemann ya tono a wani kabari a Maisini a 1876, su ce ga shaida cewa sarkin ya taɓa rayuwa. Fuskar tana gidan tarihi na ƙasa a Atina, har yau kuma da sunan Agamemnon ake kiran ta, amma masana sun nuna an ƙera ta wajen ƙarni na 16 kafin haihuwar Annabi Isa, kimanin shekara 300 kafin zamanin da ake danganta yaƙin Troy da shi. Idan za a sa hotonta, a rubuta a ƙarƙashinsa cewa ta wani basarake ce na Maisini da ba a san sunansa ba.