Matakan Renon Ƙaramin Kaktus Astrophytum asterias a Legas

Wannan ɗan tsiro mai siffar ƙwallo, marar ƙaya, asalinsa kudancin jihar Texas ta Amurka ne da arewa maso gabashin Meziko. Ya yi ƙaranci a daji har an sanya shi a rukunin farko na yarjejeniyar CITES, wadda ke taƙaita cinikin tsirrai da dabbobi masu fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe, saboda haka a nemi wanda aka reno daga iri.

Da farko a samu ƙaramar tukunyar ƙasa mai huji a gindi, domin ta roba tana riƙe danshi, abin da ya riga ya yi yawa a Legas. A haɗa ƙananan tsakuwa da yashi mai kauri kashi biyu, da ƙasar lambu kashi ɗaya. Yashin bakin teku bai dace ba saboda gishirinsa.

Bayan dasawa, a bar shi mako guda ba ruwa.

Sai a ajiye tukunyar a baranda mai samun hantsi da iska, amma ƙarƙashin rufi, domin ruwan Yuni da Yuli yana iya ruɓar da saiwarsa. Kada a ba shi ruwa sai ƙasar ta bushe ƙarau har gindi, kuma a rage sosai a lokacin hunturu.