Kurakuran da ke cika faifan sabar Exchange mai haɗe da gajimare

Kusan duk lokacin da aka kira ni cewa imel ya tsaya a sabar Exchange (manhajar imel ta Microsoft) da ke haɗe da Exchange Online (takwararta ta gajimare, wato sabobin Microsoft a intanet), abin da nake tararwa ɗaya ne: faifai ya cika da fayilolin log, wato fayilolin da saba ke rubuta ayyukanta a ciki, kuma babu wanda ya leƙa shi tsawon watanni, domin kowa ya ɗauka cewa tunda akwatunan saƙo sun koma gajimare, sabar cikin gida ta yi ritaya. Alhali kuwa tana nan tana karɓar buƙatu tana rubuta log dare da rana, kuma idan sarari ya yi ƙaranci sai ta fara ƙin saƙonni da lambar 452 4.3.1.

Babban kuskure, wanda ni kaina na sha wuyarsa, shi ne goge log ɗin rumbun bayanai, inda ake adana akwatunan saƙo, da hannu. Waɗannan fayiloli da sunayensu ke farawa da E00, kowanne megabait 1, ba shara ba ne. Exchange yana fara rubuta kowane canji a cikinsu kafin ya shigar da shi rumbun, saboda haka wasunsu suna ɗauke da saƙonnin da ba su kai ga rumbun ba tukuna. A farkon aikina na ga dubbansu sun cika faifai, na zaɓe su duka na goge, har ina ganin na yi gwaninta. Rumbun ya sauka daga aiki ya ƙi hawa, muka kwana muna gyara, kuma saƙonnin wasu sa'o'i ba su dawo ba. Har yau idan na ga sabon ma'aikaci ya nufi ma'ajiyar waɗannan fayiloli da niyyar shara, raina ɓaci yake yi. Wa ya gaya maka cewa duk abin da ya yi yawa ba shi da amfani? Idan tilas ta kama, a sauke rumbun, a duba shi da umarnin eseutil /mh a ga ko ya rufe lafiya da kuma log ɗin da yake buƙata, sa'an nan a kwashe tsofaffin zuwa wani faifai. Ni dai ba na gogewa, kwashewa nake yi.

Tambayar da ya kamata a yi ita ce me ya tara su tun farko. Exchange ba ya rage waɗannan fayiloli sai an kammala kwafin ajiya da manhajar da ta san shi, wadda ke aiki ta hanyar VSS, tsarin Windows na ɗaukar kwafin bayanai yayin da ake amfani da su. Ɗaukar hoton yanayin na'ura (snapshot) kawai ba ya rage komai, kuma sau da yawa za ka tarar kwafin ya yi makonni yana gazawa, saƙon gargaɗin yana shiga akwatin da ba mai buɗewa. Inda ake da DAG kuma, wato rukunin sabobi masu riƙe kwafin rumbu ɗaya, kwafin rumbu ɗaya da aka dakatar ya isa ya hana ragewar.

Wasu suna ganin haka sai su kunna log mai zagayawa, wanda ke kawar da tsofaffin log da kansa ba tare da jiran kwafin ajiya ba, su manta da shi, ba tare da sanin cewa daga ranar ba za su iya dawo da komai ba sai zuwa cikakken kwafin ƙarshe. Al'adata ita ce in kunna shi yayin dawo da akwatuna masu yawa daga gajimare, lokacin da log ke kwarara, in kashe shi da zarar an gama, in ɗauki cikakken kwafi a ranar.

Log ɗin IIS, sabar yanar gizo ta Windows da Exchange ke amfani da ita, da ke cikin ma'ajiyun W3SVC1 da W3SVC2 ba ya goge kansa har abada, kuma ƙaurar akwatuna tana kumbura shi. Shi kam ana iya goge shi lafiya. Ina saka aikin PowerShell (manhajar ba da umarni ta Windows) na kowane dare da ke cire abin da ya wuce kwana 14, ya haɗa da ma'ajiyar fayiloli ta Logging ta Exchange. Akwai masu ajiye kwana 90, kuma ba na jayayya da su idan dokar wurin aikinsu ta buƙaci haka.

Kada wannan aikin ya taɓa log ɗin bin sawun saƙonni, domin shi yana share kansa bayan kwana 30. Kada a ajiye rumbu da log ɗinsa a faifan C, inda Windows yake. Gargaɗin cikar faifai kuma nakan saita shi a kashi 80 cikin 100, ya zo ta hanyar da ba ta dogara da wannan sabar ba.